Annobar Sanƙarau ta 1996 da Gadon da ta Bari a Arewa Maso Yammacin Jigawa: Nazarin Tarihi a Mahangar Fiƙihun Annoba

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin annobar sanƙarau da ta auka wa Arewacin Nijeriya a shekarar 1996 (1416H), da matakan da hukumomi suka ɗauka don shawo kanta, da kuma abin da ya biyo baya har zuwa 2024, tare da mayar da hankali ga yankin Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura. An auna waɗannan matakai da ma'aunin abin da malaman Musulunci suka tabbatar game da annoba, tawakkali da izinin majiyyaci. Maƙalar ta nuna cewa magani da allura ba su isa su kashe wutar annoba ba matuƙar amana ta yi rauni tsakanin mahukunta, likitoci da talakawa, kuma malamai suna da kaso babba na alhakin gina wannan amana.

1.0 Gabatarwa

Sanƙarau cuta ce da Bahaushe ya daɗe da saninta, har ya raɗa mata suna daga babbar alamarta, wato sanƙarewar wuya. Ƙwayar cutar tana zama a maƙogwaron mutane da yawa ba tare da ta kwantar da su ba, tana yaɗuwa ta hanyar numfashi, tari da atishawa. Idan ta kutsa cikin jini ta kai ga fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, sai zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da amai da fita hayyaci su biyo baya, kuma tana iya kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu. Idan ba a yi magani ba, kusan rabin waɗanda ta kwantar suna iya rasuwa. Ko an yi maganin, kusan ɗaya cikin goma yakan rasu, wasu daga cikin waɗanda suka tashi kuma ta bar su da kurumta, farfaɗiya ko raunin ƙwaƙwalwa.

An rubuta labarin babbar annobarta a Arewacin Nijeriya tun 1905, daga nan ta riƙa dawowa bayan 'yan shekaru. A 1963 wani likitan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zayyana yankin da ta fi addaba, wanda ya miƙe kudu da Sahara, a yau ana lissafa shi daga Senegal zuwa Habasha. Ƙasar Hausa tana tsakiyar wannan yanki.

2.0 Yankin da Yanayinsa

Kazaure, Roni da Gwiwa, tare da 'Yankwashi, su ne ƙananan hukumomin masarautar Kazaure, wadda ta samo asali daga Ɗantunku a farkon ƙarni na 19. Babura kuwa tana ƙarƙashin masarautar Ringim, tana kuma iyaka da jihar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Dukkansu sun kasance cikin tsohuwar Jihar Kano har zuwa 27 ga Agusta 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Ke nan annobar 1996 ta sami jihar tana da shekara huɗu da 'yan watanni, ba ta gama kafa ma'aikatunta ba, jama'ar wannan kusurwa kuma har lokacin Kano suke dosa idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin kusa.

Yanayin wurin yana taimakon cutar. Iskar hunturu da ƙurarta suna busar da hanci da maƙogwaro, su buɗe wa ƙwayar ƙofa. Sanyin dare yana tara mutane a ɗaki guda a rufe ƙofa da taga, musamman samari a shago da almajirai a zaure. Rani kuma shi ne lokacin tafiye-tafiye: 'yan ci-rani suna bin hanyar Daura da Kazaure zuwa Kano, fatake da masu dabbobi suna ƙetara iyaka zuwa kasuwanni, malamai suna fita da almajiransu. Shi ya sa cutar takan kunno kai a tsakiyar hunturu, ta yi ƙamari a watannin Maris da Afrilu, ta lafa da saukar ruwan farko.

3.0 Annoba a Fiƙihun Magabata

Asalin da malamai suke komawa gare shi shi ne annobar Amwas ta ƙasar Sham a shekara ta 18 bayan Hijira, wadda ta ɗauke Abu Ubaida ɗan Jarrah, Mu'azu ɗan Jabal da Yazidu ɗan Abu Sufyan, Allah Ya yarda da su. Da labarinta ya riski Halifa Umar a Sargu, sai ya shawarci Muhajirai da Ansaru, ya yanke komawa Madina. Abu Ubaida ya ga kamar gudun ƙaddara ne, Umar ya nusar da shi cewa komawar ita ma tana cikin ƙaddarar Allah, ya buga masa misali da makiyayin da ya zaɓi gefen kwari mai ciyawa ya bar busasshe. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya zo da hadisin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya hana shiga garin da annoba ta sauka, ya kuma hana mutanen cikinsa fita don gudunta. Malaman tarihi sun ruwaito cewa da jagoranci ya koma hannun Amru ɗan Asi, sai ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu, annobar ta lafa.

Malamai sun yi ƙoƙarin haɗa hadisin da ya kore harbin cuta da waɗanda suka hana cuɗa raƙuma marasa lafiya da masu lafiya, suka kuma yi umarni da nisantar kuturu. Ibnus Salah ya tafi a kan cewa abin da aka kore shi ne cuta ta yi harbi da ikon kanta, amma Allah Ya sanya cuɗanya ta zama sababi. Ibnu Hajar ya rinjayar da cewa korewar tana nan a game, umarnin nisanta kuwa toshe kafa ne don kare aƙidar mutum. Duk da saɓanin fassara, ɓangarorin biyu sun haɗu a aikace a kan nisanta. Ibnu Hajar ɗin, wanda annoba ta raba shi da 'ya'yansa mata, ya ambata a Bazlul Ma'un cewa mutanen Alƙahira sun yi gangamin addu'a a fili a 833H, mace-mace suka ƙaru bayansa matuƙa. A Andalus kuwa Lisanuddin Ibnul Khaɗib ya kafa hujja da abin da ido ya gani a kan cewa cuta tana bin tufafi, ƙwarya da matafiya.

Malaman Daular Usmaniyya ba su ɗauki lafiyar jiki a matsayin abin da ke wajen addini ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya haɗa maslahar addini da ta jiki a littafinsa Masalihul Insan, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma ya wallafa littattafai da dama a fannin magani, cikinsu har da Ujalatur Rakib. Saboda haka hana zirga-zirga, rage cunkoso da neman magani duk suna da gindi a wannan ƙasa tun kafin zuwan Turawa, kuma suna shiga ƙarƙashin kiyaye rai, ɗaya daga cikin larurori biyar da shari'a ta zo don tsare su.

4.0 Shekarar 1996

Binciken masana ya nuna cewa nau'in ƙwayar da ya haddasa annobar, wanda ake kira rukunin A, dangin wanda ya ɓarke ne a aikin Hajjin 1987. Daga nan ya bayyana a Sudan da Chadi a 1988, ya addabi Nijar a 1995, sannan ya ƙetaro kudu. A Nijeriya annobar ta kama daga Janairu zuwa Yunin 1996, ta ratsa azumin Ramadan na 1416H da watannin Hajji. Alƙaluman da Farfesa Idris Muhammad, wanda ya jagoranci kwamitin Gwamnatin Tarayya na yaƙi da annobar, ya wallafa tare da abokan aikinsa sun nuna mutum 109,580 da suka kamu, 11,717 kuma suka rasu. Waɗannan su ne waɗanda rajista ta kama. Wanda ya rasu a ƙauye aka yi masa sutura kafin azahar ba ya shiga littafin kowa. A faɗin Afirka kuwa, tsakanin 1996 da 1997, sama da mutum 250,000 ne suka kamu, kimanin 25,000 suka rasu. A Kano sanƙarau ta zo tare da ƙyanda da kwalara, asibitoci suka cika suka batse.

Matakan da aka ɗauka iri biyu ne. Na farko shi ne jinya da allurar kuloramfenikol mai mai, wadda aka jarraba ingancinta a Zariya a ƙarshen shekarun 1970. Fa'idarta ita ce allura ɗaya, ko biyu, takan wadatar, don haka ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye yana iya yin ta ba sai an kai majiyyaci babban asibiti ba. Na biyu shi ne rigakafin gama-gari, inda aka yi wa sama da mutum miliyan 13 allura, da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, UNICEF, ƙungiyar Red Cross da ƙungiyar likitoci ta MSF.

Sai dai taimakon ya zo a makare. Rigakafin annoba tsere ne da lokaci: idan aka yi shi a makonnin farko yakan tare kaso mai yawa na masu kamuwa, idan kuwa aka bari wutar ta kama ko'ina, amfaninsa yakan ragu ƙwarai. A 1996 hanyar kai rahoto daga ƙauye zuwa ƙaramar hukuma, zuwa jiha, zuwa tarayya ta yi rauni, babu ajiyar allura, ƙasar kuma tana cikin takun-saƙa da ƙasashen Yamma a zamanin mulkin Janar Sani Abacha. Ita kanta allurar wancan lokaci tana da iyaka: ba ta kare jarirai sosai, kariyarta ba ta wuce kimanin shekara uku, kuma ba ta kawar da ƙwayar daga maƙogwaro.

Abin da ya fi girgiza al'umma ta fuskar addini shi ne matakin da Saudiyya ta ɗauka na hana maniyyatan Nijeriya shiga ƙasarta a Hajjin wannan shekara. Dubban mutanen da suka sayar da amfanin gona da dabbobi suka biya kujera ba su sauke farali ba. Matakin ya yi ɗaci, amma a ma'aunin fiƙihu ya yi daidai da hadisin Abdurrahman ɗan Aufu, kuma wanda aka tsare daga hanya ba shi da iko, farali bai hau kansa a wannan shekara ba. Ya kuma tunatar da mahukunta cewa sakaci da rigakafi yana iya kaiwa ga toshe wa Musulmi rukunin addini.

5.0 Gwajin Trovan da Mas'alar Izini

Ana tsakiyar wannan hali, kamfanin Pfizer na Amurka ya turo tawaga zuwa Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano, wanda aka fi sani da Asibitin Zana, don gwada sabon magani mai suna Trovan. An sa yara kimanin 200 cikin gwajin, kusan rabinsu aka ba su Trovan, sauran aka ba su seftiriyazon. Yara 11 suka rasu, 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu, wasu kuma suka tashi da naƙasa. Jaridar Washington Post ta fallasa labarin a Disambar 2000. Iyayen yara sun ce ba a sanar da su cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya dage cewa an nemi izini da baki ta bakin ma'aikatan jinya, kuma cutar ce ta yi kisan. Kwamitin binciken da Gwamnatin Tarayya ta kafa a 2001 ya yanke cewa gwajin ya saɓa doka. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka yi sulhu a 2009 a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba.

Wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce a fiƙihu. Malaman mazhabobi sun daɗe da tattauna lamunin da ke hawa kan likitan da ya taɓa jikin yaro ba da izinin waliyyinsa ba, ko da gwani ne. Shekara huɗu kafin abin da ya faru a Kano, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na bakwai a Jidda a 1992, ta fitar da ƙuduri mai lamba 67 a kan jinya. Ƙudurin ya ba shugaba damar tilasta magani da rigakafi a cututtuka masu yaɗuwa, ya kuma ɗauke sharaɗin izini a halin ceton rai na gaggawa. Amma da ya zo kan binciken magani sai ya tsananta: dole a sami yardar mai cikakken hankali, wadda babu tilas ko kwaɗaitarwa da abin duniya a cikinta, kuma ya hana yin gwajin a kan wanda bai kai munzalin hukunci ba. Hikimar bambancin a fili take. Jinya maslahar majiyyaci ce, gwaji kuwa maslahar wasu ce ake nema da jikinsa. Uban da ya sungumo ɗansa a sanƙare daga ƙauye, bai iya karatun boko ba, bai san akwai wani magani tabbatacce a wani sashe na asibitin ba, yardarsa tana buƙatar bayani mai yawa kafin ta zama yarda a shari'a.

6.0 Daga Sanƙarau zuwa Shan-inna

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A 2003, lokacin da jita-jita ta bazu cewa an gauraya ɗigon rigakafin shan-inna da sinadarin hana haihuwa, labarin Asibitin Zana yana cikin hujjojin da aka fi ambata. Majalisar Ƙoli ta Shari'a a Nijeriya, ƙarƙashin Dakta Ibrahim Datti Ahmad, ta yi kira a dakatar da shirin, Sarkin Kazaure Alhaji Najib Hussaini Adamu kuma yana cikin shugabannin da suka fito fili suka nemi a binciki abin da maganin ya ƙunsa. Jihohin Kano, Zamfara da Kaduna suka dakatar, Kano ba ta dawo ba sai a Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. A sakamakon haka cutar ta yaɗu zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har da Sudan, Yaman da Indunusiya, yara da dama kuma suka shanye.

Adalci shi ne a faɗi abu biyu tare. Neman tabbaci kafin a ɗura wa yaro magani haƙƙin waliyyi ne, kuma tambayar da talakawa suke yi tana da nauyi: me ya sa ake bin su gida-gida da ɗigon shan-inna kyauta alhali maganin zazzaɓin cizon sauro da na ƙyanda sai da kuɗi? A ɗaya gefen kuma, zargin bai tabbata ba, ɓarnar dakatarwar kuwa ta tabbata a ƙafafun yara, ƙa'idar fiƙihu kuma ba ta yarda a bar cuta tabbatacciya don gudun wadda ake zato ba. Gyaran ya samu ne ta hanyar da aka yi watsi da ita tun farko. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko ƙarƙashin inuwar Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, hakimai, dagatai, masu unguwanni da limamai suka shiga aikin, sarakuna suka riƙa ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali.

7.0 Sabuwar Allura da Dawowar Cutar

Annobar 1996 ta sa an kafa ma'ajiyar allurar gaggawa ta duniya a 1997. A 2001 aka fara aikin samar da allura mai ɗorewa, wadda wani kamfanin Indiya ya haɗa da sunan MenAfriVac a kan ƙasa da rabin dala kowace ɗaya. An fara ta a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010, ta iso Nijeriya a ƙarshen 2011, Jigawa tana cikin jihohin farko, aka yi wa masu shekara 1 zuwa 29. Tun daga nan rukunin A ya kusa ɓacewa daga yankin.

Amma rukunin C ya maye gurbinsa. A annobar 2016 zuwa 2017, wadda ta fi tsanani a Zamfara da Sakkwato, sama da mutum 14,000 aka yi zargin sun kamu, sama da 1,100 suka rasu. A lokacin ne Gwamnan Zamfara Abdul'aziz Yari ya danganta annobar da zunuban jama'a, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya mayar masa da martani cewa aikin shugaba shi ne ya nemo allura. Tuba abin nema ne a kowane hali, amma Umar bai tsaya ga wa'azi a Sargu ba, sai da ya juya da rundunar. Kuma annobar da ta ɗauke Abu Ubaida da Mu'azu ba za a ce alamar lalacewar wanda ta kama ba ce.

Jigawa ta sake ɗanɗanawa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa daga Oktoban 2022 zuwa tsakiyar Afrilun 2023 an sami mutum 1,686 da ake zargin sun kamu a Nijeriya, kusan kashi uku cikin huɗu daga Jigawa, a daidai lokacin da cutar take ci a Damagaram. A Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da allurar Men5CV mai kariya daga rukuni biyar, Jigawa kuma tana cikin wuraren da aka fara.

8.0 Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa ilimin magani ya ci gaba ƙwarai tsakanin 1996 da 2024, amma mafarin nasara yana nan inda yake, wato saurin kai labari. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na ayyana annoba a yau shi ne mutum 10 cikin 100,000 a mako guda, adadin da ba za a gane an kai shi ba sai in ana ƙirga kowane majiyyaci. A ƙauyukan Roni, Gwiwa ko Babura, mutanen da suka fi kowa saurin sanin cewa yara uku sun rasu da sanƙararren wuya a mako ɗaya su ne limamin da ya sallace su, mai unguwar da aka yi wa gaisuwa a ƙofarsa, da alaramman da suke kwana a zaurensa. Isar da wannan labari ga jami'in lafiya farilla ce ta kifaya, ɓoye shi don gudun surutu kuwa cin amanar maƙwabta ne.

Haka nan ya wajaba ga mahukunta da likitoci su yi wa jama'a bayani da harshensu, su nemi izini na gaskiya, su ba malamai damar tambaya da bincike tun kafin rani ya shigo. Ya kamata sassan nazarin addinin Musulunci a jami'o'i su koyar da fiƙihun annoba tare da abin da likitanci ya tabbatar, domin ɗalibin da zai hau mumbari gobe ya san bambancin jinya da gwaji, da bambancin tawakkali da sakaci. Allah Shi ne Mafi sani, kuma Shi ne Mai warkarwa.